Riƙo Huɗu, Yara Biyu: Abin Da Labarin Pip Ke Faɗa Wa Masu Tarbiyya

  Yau za mu leƙa ƙasar Ingila ta ƙarni na 19, mu duba littafin Charles Dickens mai suna Great Expectations, ɗaya daga cikin fitattun littattafan da ke bin yaro tun yana ƙarami har ya mallaki hankalin kansa. An fara buga shi ne kashi-kashi, kowane mako, a mujallar Dickens ɗin mai suna All the Year Round, daga Disamban 1860 zuwa Agustan 1861.

Wasu suna karanta shi a matsayin labarin soyayya. Wasu suna ganin labarin ɗan talaka ne da ya samu duniya ya manta mafari. Duk akwai su a ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne riƙo. Yara biyun da aka gina labarin a kansu, Pip da Estella, babu wanda ya tashi a hannun iyayensa. Mutum huɗu ne suka sa hannu a tarbiyyarsu, kowanne kuma yana ɗauke da ciwon da duniya ta ji masa. Abin da ya bambanta su shi ne yadda kowa ya yi da nasa ciwon: uku sun sauke shi a kan yaro, ɗaya ya riƙe abinsa.

Dickens ya san zafin wannan magana a jikinsa. A 1824, yana ɗan shekara 12, aka ɗaure mahaifinsa a kurkukun Marshalsea da ke Landan saboda bashi, shi kuma aka tura shi aiki a masana'antar man goge takalmi, yana liƙa takarda a jikin kwalabe. Bayan an saki uban, uwar ta so yaron ya ci gaba da wannan aiki, kuma har ya girma bai manta ba. Saboda haka idan ya rubuta yadda yaro ke ji sa'ad da manya suka yanke hukunci a kansa, abin da ya ɗanɗana yake faɗa.

Mu fara da mai riƙo ta farko, wadda ita kaɗai ce ta haɗa jini da Pip, wato yayarsa. Ta girme shi da fiye da shekara 20. Iyayensu sun rasu, 'yan'uwansu maza biyar sun mutu tun suna jarirai, sai ta ɗauki ƙanen zuwa gidan mijinta, wani maƙeri mai suna Joe Gargery, a wani ƙauye cikin fadamun yankin Kent. Ba za a ce ba ta yi ƙoƙari ba. Ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, gidanta kullum tsaf. Sai dai kowace loma da gori take tafe. Tana da bulala a ajiye wadda har suna aka laƙaba mata. In baƙi suka zo, hirar ita ce irin wahalar da ta sha a kan wannan yaro, su kuma su taya ta, suna nuna masa cewa ba shi da godiya. Ciwonta shi ne ganin rayuwa ta cuce ta: ta ƙare a matar maƙeri, ga kuma nauyin ƙane. To me wannan riƙo ya haifar? Ya haifar da yaro matsoraci, mai jin kamar zuwansa duniya ma laifi ne, wanda ya koyi ɓoye gaskiya tun bai san amfaninta ba. Yaron da ake yi wa gorin abinci yakan tashi da yunwar da tuwo ba ya kashewa, yunwar a ce shi ma wani ne. Wannan yunwa ce ta ja Pip har ya faɗa hannun sauran.

A gidan nan kuma akwai Joe. Babu abin da ya haɗa shi da yaron sai auren yayarsa. Lokacin da yake neman auren, shi ne ya ce ta taho da jaririn, akwai wurinsa a maƙera. Joe bai iya karatu ba, kuma dalilin yana da ban tausayi. Ubansa mashayi ne, yana dukansa, yana dukan uwarsa. Sun sha gudu, uwar ta sa shi makaranta, uban ya bi su ya dawo da su. Wanda ya tashi a irin wannan gida, da yawa sukan zama abin da suka gani. Joe ya zaɓi wata hanya. Ya gaya wa Pip cewa ya ga yadda uwarsa ta ƙare cikin wahala, don haka gara a cuce shi da ya cuci mace. Ga shi ƙato, mai ƙarfin da zai iya kayar da kowa a ƙauyen, amma hannunsa bai taɓa sauka a kan na gida ba.

Akwai wani ƙaramin abu da Dickens ya nuna wanda ya isa ya bayyana mutumin. Ranar Kirsimeti, baƙi sun taru suna caccakar Pip a wurin cin abinci. Joe ba shi da bakin da zai kare shi, sai ya riƙa ƙara masa romo a kwano duk sa'ad da aka soke shi da magana. Abin da yake da iko a kai ke nan, shi ya bayar. Amma kada mu wanke shi tas. Haƙurinsa ya bar yaro a ƙarƙashin bulala shekara da shekaru, kuma shi kansa daga baya ya amsa cewa bai iya kare Pip yadda ya so ba, domin duk lokacin da ya shiga tsakani, dukan ƙaruwa yake yi. Dickens bai ɓoye wannan rauni ba, mu ma bai kamata mu ɓoye shi ba.

Babban darasin da Joe ya ba Pip bai zo ta hanyar wa'azi ba. Ga yadda aka yi. Pip yana kimanin shekara bakwai, ya je maƙabarta wajen kaburburan iyayensa, sai wani fursuna da ya tsere, da mari a ƙafa, ya cafke shi, ya tsorata shi, ya ce ya kawo masa abinci da magagari. Yaron ya sato a gida ya kai masa. Da sojoji suka sake kama fursunan, sai ya ce shi ne ya shiga gidan maƙeri ya yi satar, don ya rufa wa yaron asiri. Joe yana wurin, shi ya goyo Pip zuwa cikin fadamar. Maimakon zagi, sai ya ce ya yafe, kuma ko mene ne laifin bawan Allahn nan, ba zai so yunwa ta kashe shi ba. Yaron ya ji da kunnensa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mai riƙo ta uku ita ce Havisham, wata attajira da ta gaji dukiyar ubanta, tana zaune a wani katafaren gida mai suna Satis. Ranar aurenta, tana cikin shiri, wasiƙa ta iso daga angon, wani mazambaci mai suna Compeyson, cewa ya fasa. Ya riga ya kwashi kuɗinta. Ta sa aka tsayar da duk agogon gidan a ƙarfe 9 saura minti 20, lokacin da wasiƙar ta zo. Ba ta ƙara cire kayan amarcin ba har suka koɗe a jikinta, kek ɗin bikin ya ruɓe a kan tebur, ta hana hasken rana shiga ɗakunanta. Daga baya ta ce wa lauyanta, Jaggers, ya nemo mata yarinyar da za ta riƙe. Ya kawo mata Estella tana 'yar shekara biyu ko uku.

A nan ne abin tsoron yake, jama'a. Havisham ba ta ɗauki yarinyar da mugun nufi ba. Da bakinta ta ce da farko so ta yi ta tsare ta daga irin baƙin cikin da ta gani. Amma da yarinyar ta fara girma, kyawunta ya bayyana, sai tunani ya sauya. Ta riƙa yi mata ado da lu'ulu'u, tana raɗa mata a kunne cewa ta karya zukatan maza, kada ta tausaya wa kowa. Ta aika ta Faransa ta yi karatu. Estella ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba, ba a taɓa dukanta ba. In ka ga riƙon daga waje sai ka ce ta yi dace. Amma an cire mata abu ɗaya, wato sanin yadda ake son mutum. Havisham ta wasa wuƙa don ta yanki wasu, ta manta wuƙa ba ta san mai ita ba. Ranar da tsohuwar ta yi kukan cewa yarinyar ba ta ƙaunarta, Estella ta amsa mata cikin sanyin murya cewa ita ce ta mai da ta haka, kuma ba za ta iya bayar da abin da ba a taɓa ba ta ba. Ƙarshe Estella ta auri Bentley Drummle, ɗan manyan gida amma azzalumi, ta sha wuya a hannunsa har ya mutu. Fansar da aka shirya wa maza, 'yar riƙon ce ta biya kuɗinta.

A wannan gida ne hanyar yaran biyu ta haɗu. An nemi yaron da zai riƙa zuwa wasa, yayar Pip ta tura shi da gudu, tana hangen arziki. Estella ta dubi hannunsa ta ce kaushi gare shi, ta dubi takalminsa ta raina. Daga ranar Pip ya fara jin kunyar gidansu, da maƙerar, da Joe kansa. Havisham ta biya kuɗin koyon sana'arsa a wurin Joe, ya shiga ƙira jikinsa na wurin amma zuciyarsa na can.

Yana cikin shekara ta huɗu ta koyon sana'a sai Jaggers ya zo da labari: wani da ya ɓoye sunansa ya ware dukiya don a mai da Pip babban mutum, irin wanda ba ya aikin hannu. Sharaɗi shi ne kada ya canza suna, kada kuma ya binciki mai kyautar. Lauyan ya yi wa Joe tayin kuɗi a madadin yaron da zai rasa a maƙera. Joe ya ƙi, har ransa ya ɓaci, domin a wurinsa yaron ba haja ba ne. Ku lura da wannan: a cikin huɗun nan, shi kaɗai ne aka ba damar cin riba da yaro ya ture.

Pip ya tafi Landan yana zaton Havisham ce mai kyautar, kuma tana shirya masa Estella. Tsohuwar ta san ba haka ba ne, ta bar shi cikin ruɗu. Da ya cika shekara 21 aka yanka masa fam 500 a shekara. Ya koyi kashe kuɗi, ya ci bashi, ya ɗauki bara da ba shi da aikin da zai ba shi. Da Joe ya kawo masa ziyara, sanye da kayan da ba su zauna masa ba, Pip ya ji kamar ƙasa ta tsage. Joe ya gane, ya koma yi masa magana irin ta ƙasa da sama, ya tafi ba tare da ƙorafi ba. Da Pip ya je garinsu, sai ya sauka a masauki maimakon gida, daga baya ya aika wa Joe tsarabar kifi don ya kwantar da ransa. Mu kuwa mun san zumunta a ƙafa take. Laifin manya bai wanke yaro ba. Pip ya yi butulci, kuma shi da kansa, da yake ba da labarin bayan ya manyanta, bai nemi uzuri ba.

Sai mai riƙo na huɗu ya bayyana. Pip yana shekara 23, a wani dare mai ruwa da iska, wani dattijo ya hau benensa. Fursunan nan ne na maƙabarta, Abel Magwitch. An kore shi zuwa Ostareliya har ƙarshen ransa, ya yi kiwon tumaki, ya yi arziki, ya riƙa turo duk abin da ya samu. Dawowarsa Ingila hukuncinta rataya ne, amma ya dawo don ya ga abin da ya gina.

Riƙon Magwitch ya fi sauran wuyar yanke wa hukunci. Akwai godiya ta gaskiya a ciki, domin bai manta yaron da ya ciyar da shi ba, kuma yaron ya tuna masa da 'yarsa da yake zaton ta mutu. Amma akwai ciwo. Ya tashi ba uwa ba uba, abin da ya fara sani a duniya shi ne satar abinci don ya rayu. Da aka gurfanar da shi tare da Compeyson, wancan mazambacin da ya yaudari Havisham, aka ba Compeyson shekara 7, shi kuma 14, saboda ɗayan ya yi shigar manya kuma ya iya magana. Sai ya ƙudura cewa tunda shi ba zai zama babban mutum ba, zai mallaki nasa, ya nuna wa masu raina shi. Bai taɓa tambayar ko wannan zai amfani yaron ba. Ya cire shi daga sana'a, ya ba shi kuɗi ba tare da aiki ba. Ita Havisham ta reni yarinya don ta rama abin da namiji ya yi mata, shi kuma ya reni yaro don ya rama abin da masu mulki suka yi masa. Dickens ya ɗaure zaren da kyau, domin daga baya ta bayyana cewa Estella, wadda ta raina Pip saboda asalinsa, 'yar Magwitch ce ta cikinsa.

Da farko Pip ƙyamar mutumin ya ji, har ya ƙi ci gaba da karɓar kuɗinsa. Amma bai tona masa asiri ba. Ya ɓoye shi, ya shirya fitar da shi ta kogin Thames tare da abokinsa Herbert. Shirin ya ɓaci, Compeyson da ya biyo su ya nutse, aka kama Magwitch da mummunan rauni, hukuma ta ƙwace dukiyar. A nan ne yaron ya zama mutum. Babu sauran abin da zai samu, amma ya riƙe hannun dattijon a kotu ranar da aka yanke wa mutum 32 hukuncin kisa a zama ɗaya, ya riƙa ziyartarsa a asibitin kurkuku kullum, kuma kafin ya cika ya gaya masa 'yarsa tana raye. Daga ina ya samo wannan hali? Daga mutumin da ya goya shi cikin fadama, ya ji yana tausaya wa fursuna. Abin da aka shuka a shekara bakwai ya tsiro bayan shekara 16.

Wannan ne bambancin Pip da Estella. Dukansu an juya su don biyan bukatar wasu. Amma Pip yana da mutum ɗaya da ya so shi ba don komai ba, saboda haka da ya ɓata yana da wurin komawa. Estella ba ta da kowa, sai da duniya ta koya mata da duka. Ita Havisham ta gane kurenta, ta durƙusa ta roƙi gafara, amma a ranar wuta ta kama tsohuwar rigar amarcin, kuma ba ta tashi daga wannan jinya ba. Nadamarta ba ta mayar wa yarinyar ƙuruciyarta ba.

Bayan mutuwar Magwitch, zazzaɓi ya kwantar da Pip, masu bin bashi suna bakin ƙofa. Da ya farfaɗo, wa ya gani a gefen gado? Joe. Ya yi jinyarsa makonni, ya biya bashin da ya haura fam 120 daga guminsa, bai ambaci ko ɗaya daga cikin wulakancin da aka yi masa ba. Da ya ga ya warke, ya bar masa 'yar takarda da ya rubuta da hannunsa, domin Biddy, ƙawar Pip ta ƙuruciya, ta koya masa rubutu, ya koma maƙerarsa. A lokacin yayar Pip ta riga ta rasu, daga baya kuma Joe ya auri Biddy. Pip ya nemi gafararsu, ya tafi Alƙahira ya yi aiki tare da Herbert, ya biya basussukansa, bai dawo ba sai bayan shekara 11. Ya tarar sun haifi ɗa sun sa masa sunansa.

Masu sauraro, Ingila ta 1860 ta yi mana nisa, amma riƙo ba baƙonmu ba ne. Da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da ɗan 'yar'uwa, ko maraya, ko agola, ko jikan da aka kai wa kaka ba. Adabinmu ma ya taɓo shi: a Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, yaron ya zama malami ne a hannun Abdulkarim, mutumin da bai haife shi ba. Al'ada ce mai kyau da ta rufa wa dubban yara asiri, addini kuma ya yi alkawarin babban matsayi ga mai kula da maraya. Amma kyan al'ada bai hana a ɓata ta ba. Akwai mai ciyarwa yana gori. Akwai uwar da aure ya ƙona, take cusa wa 'yarta ƙiyayyar maza tun ba ta san komai ba. Akwai uban da aka raina saboda bai yi boko ba, ya tilasta wa ɗansa karatun da ba ya so don a daina raina shi. Kuma waɗannan ba su tsaya ga 'ya'yan riƙo ba, har na ciki ana yi musu.

Saboda haka ina kira ga duk wanda Allah ya danƙa wa yaro, nasa ne ko na wani, ya zauna ya tambayi kansa: wannan tarbiyya da nake yi, don yaron nake yi ko don ciwona? In an zalunce ka, nemi hakkinka inda ya dace, amma kada ka ɗora wa ƙaramin da bai ci ba bai sha ba. In kana ganin ana cutar da yaro a gidanka, kada ka tsaya a ƙara masa romo, buɗe baki ka hana. Ku kuma da aka riƙa, kuka yi karatu, kuka samu matsayi a birni, in mai riƙonku yana raye, kada ku bari sai ciwo ya kwantar da ku kafin ku san darajarsa. Ku taka da ƙafarku ku je ku gaishe shi, ku gabatar da shi ga abokanku ba tare da jin kunya ba.

A nan za mu dakata. Allah ya ba mu ikon sauke amanar yaran da ke hannunmu, ya saka wa waɗanda suka riƙe mu da alheri.